Raymond Barre: me farfesa ya iya yi da ya zama firaministan Faransa?

Ɗalibar Tattalin Arziki ta rubuta:

Assalamu alaikum. Ina neman taimakon waɗanda suka san tarihin Faransa na bayan yaƙin duniya na biyu game da wani mutum da sunansa ya yi ta fitowa a karatun da nake yi a kan hauhawar farashi a Turai cikin shekarun 1970, wato Raymond Barre. Abin da na tattara zuwa yanzu shi ne an haife shi a 1924 a tsibirin Réunion da ke tekun Indiya, ya daɗe yana koyarwa a jami'a, ya rubuta littafin koyar da tattalin arziki da ɗalibai suka yi shekaru suna karantawa, sannan a watan Agustan 1976 Shugaba Valéry Giscard d'Estaing ya naɗa shi firaminista, alhali bai taɓa tsayawa zaɓe ba kuma ba ya riƙe da katin kowace jam'iyya. Da shugaban zai gabatar da shi ga jama'a, cewa ya yi yana cikin fitattun masana tattalin arzikin ƙasar.

Abin da ya ɗaure mini kai shi ne sakamakon. Babban aikin da aka ɗora masa shi ne ya shawo kan hauhawar farashi, wadda a lokacin take kusan kashi 10 cikin ɗari, amma da ya sauka a watan Mayun 1981 ta haura kashi 13, marasa aikin yi sun ƙaru sosai, kuma jama'a sun juya masa baya. Duk da haka, bayan 'yan shekaru sai ga shi cikin 'yan siyasar da aka fi ganin girmansu a ƙasar, har ya tsaya takarar shugaban ƙasa a 1988.

Tambayoyina biyu ne. Ta wace hanya malamin jami'a ya kai ga wannan kujera a tsarin Faransa? Sannan, ilimin nasa ne ya gaza da aka zo aikatawa, ko kuwa siyasa da halin da duniya ke ciki ne suka ɗaure masa hannu? Na gode.

Tsohon Malami ya rubuta:

Wa alaikumus salam, Malama. Tambayarki ta farko ta fi sauƙin amsawa, don haka da ita zan fara.

A Faransa akwai wata jarrabawar gasa ta ƙasa baki ɗaya da ake kira agrégation, wadda a zamaninsa a fannin shari'a da tattalin arziki ita ce ƙofar zama cikakken farfesa. Barre ya ci ta a 1950 yana da shekara 26. Daga nan ya koyar a Tunis a lokacin da Tunisiya take ƙarƙashin Faransa, ya koyar a jami'ar Caen, sannan ya samu kujera a tsangayar shari'a da tattalin arziki ta Paris a 1963, yana kuma koyarwa a makarantar nazarin siyasa da aka fi sani da Sciences Po. Littafin da kika ambata, Économie politique, juzu'i biyu ne da suka fito a tsakiyar shekarun 1950, aka yi ta sake buga su shekara da shekaru, ta yadda da yawa daga cikin manyan ma'aikatan gwamnatin da ya zo ya shugabanta sun fara sanin sunansa ne a bangon littafin da suka yi jarrabawa da shi. Kafin wannan, a 1953, ya fassara wani aiki na Friedrich Hayek, masanin tattalin arziki mai adawa da katsalandan ɗin gwamnati a kasuwa, zuwa Faransanci, abin da ke nuna miki inda zuciyarsa ta karkata tun yana matashi, a ƙasar da a lokacin tsarin raya ƙasa na gwamnati da ƙayyade farashi suke da daraja ƙwarai.

Abin lura shi ne, wannan ba ita ce hanyar da aka saba bi zuwa mulki ba. A lokacin, manyan masu riƙe da tattalin arzikin Faransa galibi suna fitowa ne daga makarantar horar da manyan jami'an gwamnati ta ENA, wadda aka kafa a 1945, su shiga ma'aikatar kuɗi su yi ta hawa. Giscard da Jacques Chirac duk ta nan suka biyo. Shi Barre ta ƙofar gefe ya shiga: wani farfesa irinsa, Jean-Marcel Jeanneney, da ya zama ministan masana'antu a zamanin shugabancin Janar de Gaulle, shi ya ɗauko shi ya shugabanci ofishinsa daga 1959 zuwa 1962. A 1967 aka tura shi Brussels ya zama mataimakin shugaban Hukumar Turai mai kula da tattalin arziki da kuɗi, ya zauna har farkon 1973. A 1975 ya jagoranci kwamitin da ya duba yadda ake samar da kuɗin gina gidaje, wanda rahotonsa ya haifar da tallafin haya da ake ba mutum gwargwadon samunsa, a watan Janairun 1976 kuma ya zama ministan cinikin waje. Saboda haka, ranar da Chirac ya yi murabis daga kujerar firaminista cikin fushi a watan Agusta, Barre ya riga ya yi shekara goma sha bakwai yana kai da kawowa tsakanin aji da ofis. Jama'a ne ba su san shi ba, amma gwamnati ta san shi.

A kan tambaya ta biyu, ni ina cikin masu ganin cewa ya gane cutar tun kafin sauran su yarda da ita. Fahimtarsa ita ce, tun da farashin man fetur ya ninka kusan sau huɗu a ƙarshen 1973, Faransa ta talauce da gwargwadon abin da take biyan ƙasashen waje, amma albashi ya ci gaba da hawa kamar babu abin da ya faru, nauyin ya faɗa kan kamfanoni, ribarsu ta ragu, suka daina zuba jari. Al'adar ƙasar a irin wannan hali ita ce a bar farashi ya tashi, sannan a karya darajar faran, kuɗin ƙasar na lokacin, don kayan Faransa su yi araha a waje. Barre ya ƙi wannan hanya, domin a ganinsa duk karya darajar kuɗi tana ƙara tsadar man da ake shigowa da shi, tsadar ta koma cikin albashi, a sake komawa gidan jiya. Jamus ta Yamma ce ma'auninsa, ƙasar da kuɗinta ke da ƙarfi kuma kayanta suke sayuwa.

Shirin da ya sanar a watan Satumban 1976 ya bi wannan fahimta: an daskarar da farashi na wata uku, an roƙi kada ƙarin albashi ya wuce kashi 6.5 cikin ɗari a 1977, an ƙara haraji, har da na musamman don tallafa wa manoman da farin 1976 ya yi wa ɓarna, an sa wa yawan kuɗin da ke yawo iyaka, aka kuma rage harajin kayayyaki daga kashi 20 zuwa 17.6. Don kada a samu mai ja masa birki, shi da kansa ya riƙe ma'aikatar tattalin arziki da kuɗi har zuwa 1978. Bayan gwamnati ta tsira a zaɓen 'yan majalisa na watan Maris na shekarar, wanda mutane da yawa suka zaci 'yan gurguzu ne za su lashe, sai ya fara sakin farashin kayan masana'antu, har da na burodi, wanda aka daɗe ƙwarai gwamnati na ƙayyade shi.

Ki duba alƙaluman da kyau, Malama. Hauhawar farashi ta tsaya a kan kashi 9 da ɗoriya a 1977 da 1978. Abin da ya kai ta kashi 13 shi ne juyin juya halin Iran na 1979 da tashin farashin mai karo na biyu, wanda babu firaministan da ke da iko a kansa. A 1980 kasafin kuɗin Faransa ya kusa daidaita, bashin gwamnati kuma bai wuce kusan kashi 20 cikin ɗari na arzikin da ƙasar ke samarwa a shekara ba. Faransa ba ta sake ganin irin waɗannan alƙaluma ba har yau.

Ɗan Ƙwadago ya rubuta:

Allah ya gafarta Malam, na ƙaru da bayaninka a kan hanyar da ya biyo, amma a kan hukuncin ina da ja.

Ka kafa hujja da man fetur, to ai Jamus ma mai take saye, kuma a 1980 hauhawar farashinta kusan kashi 5 ce, a lokacin da ta Faransa ta haura 13. Idan Jamus ce ma'aunin da shi kansa ya zaɓa, da wannan ma'aunin ya kamata a auna shi, kuma tazarar ba ta ragu ba a shekaru biyar ɗin da ya yi. Kafin rikicin Iran ma, saukowa daga kashi 9.6 zuwa 9.1 cikin shekara biyu ba abin da za a buga ganga a kai ba ne. Dalilin a fili yake: albashi a Faransa yana ɗaure ne da farashi, farashi ya hau albashi ya bi shi, kuma Barre bai kwance wannan ɗauri ba. Ba zai iya kwance shi ba, domin yin haka yana bukatar yardar ƙungiyoyin ƙwadago, shi kuwa tun ranar 7 ga Oktoban 1976, mako biyu kacal bayan sanar da shirinsa, manyan ƙungiyoyin CGT da CFDT da ta malamai suka shiga yajin aikin gama gari. A Jamus ana zama da ƙungiyoyi a tattauna. Barre fitowa yake yi a talabijin ya yi bayani kamar yana gaban ɗalibai, wanda bai gamsu ba kuma a ɗauke shi bai fahimci darasi ba.

Sannan akwai mutanen da alƙaluman kasafi ba sa nunawa. Da ya hau, masu neman aiki kusan miliyan ɗaya ne. Da ya sauka, sun haura miliyan ɗaya da rabi. A ƙarshen 1978 aka sanar da korar ma'aikata fiye da 20,000 a masana'antar ƙarfe, bayan gwamnati ta ɗauke wa kamfanonin Usinor da Sacilor nauyin bashinsu da kuɗin jama'a. Garuruwa irin su Longwy a yankin Lorraine da Denain a arewa, da ƙarfe suka rayu kaka da kakanni, babu wata sana'ar da za a koma. An yi arangama da 'yan sanda a garuruwan biyu, ma'aikatan Longwy suka buɗe gidan rediyonsu ba da izinin hukuma ba don a ji muryarsu, ranar 23 ga Maris 1979 kuma suka yi tattaki zuwa Paris. Na yarda cewa masana'antun sun tsufa kuma ƙarfe ya yi yawa a kasuwar duniya. Amma mutumin da ya san haka tun da wuri, kamar yadda Malam ya ce ya sani, shi ya fi cancanta ya tanadi abin da waɗannan garuruwa za su ci kafin a kashe wutar tanderu. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne harshensa. A lokacin da iyalai ke cikin wannan hali ne ya ba marasa aikin yi shawarar su gwada kafa nasu kamfanin maimakon su tsaya ga karɓar alawus. A cikin aji wannan magana tana iya zama batun muhawara, amma daga bakin firaminista zuwa kunnen mutumin da ya yi shekara talatin a gaban narkakken ƙarfe, cin fuska ce. Haka nan bayan harin bam da aka kai kusa da wurin ibadar Yahudawa a titin Copernic na Paris ranar 3 ga Oktoban 1980, inda mutum huɗu suka mutu, ya yi furucin da ya bambanta Yahudawan da aka nufa da harin da "Faransawa marasa laifi" da ke wucewa, maganar da ta bi shi har ƙarshen rayuwarsa. Ni ban raba wannan da batun tattalin arziki ba, domin duka biyun sun fito ne daga mutumin da bai saba auna yadda maganarsa za ta sauka a zuciyar mai sauraro ba.

Ɗalibar Tattalin Arziki ta rubuta:

Na gode muku duka, Allah ya ƙara ilimi. Maganar ɗaure albashi da farashi ta buɗe mini ido, don ban lura da ita ba a baya. Sai dai har yanzu akwai abin da bai warware mini ba: idan har haka mutane suka ƙi shi a 1981, me ya dawo masa da martaba cikin shekara biyu ko uku? Kuma me ya yi a Brussels da ya sa ake danganta shi da asalin kuɗin yuro?

Mai Bibiyar Turai ta rubuta:

'Yar'uwa, tambayoyin naki biyu amsarsu ɗaya ce, kuma a ganina nan ne ainihin tarihin mutumin yake.

A watan Fabrairun 1969, yana Brussels, ya gabatar wa ƙasashe shida na Kasuwar Turai ta lokacin wata takarda da ta ɗauki sunansa. Abu biyu ta nema: ƙasashen su riƙa tuntuɓar juna kafin su yanke manyan shawarwari na tattalin arziki, sannan manyan bankunansu su kafa hanyar ba wa juna rance na gajeren lokaci idan kuɗin ɗayansu ya shiga matsi. Ya rubuta ta ne bayan rikicin watan Nuwamban 1968, lokacin da jari ya yi ta gudu daga faran zuwa mak ɗin Jamus kuma de Gaulle ya ƙi karya darajar kuɗinsa. Daga wannan takarda aka tafi taron shugabanni na Hague a watan Disambar 1969, sai rahoton firaministan Luxembourg Pierre Werner na 1970 da ya tsara haɗa kuɗin Turai mataki mataki. Rushewar tsarin da ya ɗaure kuɗaɗen duniya da dalar Amurka a 1971 ta wargaza wannan jadawali, amma tunanin bai mutu ba. A watan Maris na 1979, yana firaminista, Tsarin Kuɗin Turai da Giscard da shugaban gwamnatin Jamus ta Yamma Helmut Schmidt suka ƙulla ya fara aiki, inda aka hana kuɗaɗen ƙasashen kauce wa juna fiye da kashi 2.25 cikin ɗari, ban da lirar Italiya da aka ba ta sarari mai faɗi. Faran ya zauna daram a cikinsa har Barre ya sauka.

Yanzu ga abin da ya biyo baya. François Mitterrand na 'yan gurguzu ya ci zaɓen shugaban ƙasa ranar 10 ga Mayun 1981, gwamnatin Pierre Mauroy ta ƙara mafi ƙarancin albashi da kuɗaɗen tallafi, ta mayar da bankuna da manyan kamfanoni hannun gwamnati. Mutane suka samu kuɗin kashewa, amma kaso mai yawa ya tafi ga kayan waje, giɓin ciniki ya buɗe, aka karya darajar faran sau uku: Oktoban 1981, Yunin 1982 da Maris na 1983. A karo na ukun sai zaɓi ya rage biyu, ko a fice daga tsarin Turai ko a tsuke bakin aljihu. Mitterrand ya zaɓi zama, ministan kuɗi Jacques Delors ya aiwatar da tsukewar, gwamnatin 'yan gurguzu ta kwance ɗaurin albashi da farashi, kuma zuwa 1986 hauhawar farashi ta sauko ƙasa da kashi 3, da taimakon faɗuwar farashin mai.

Wannan ya ba Malam gaskiya ta fuska ɗaya, domin masu adawa da Barre sun dawo kan hanyarsa, shi ya sa jama'a suka fara kallonsa a matsayin wanda ya faɗa musu gaskiya mai ɗaci. Ya kuma ba ɗan'uwanmu na ƙwadago gaskiya ta ɗaya fuskar, domin abin da ya gagari farfesa, waɗanda ƙungiyoyin ƙwadago suke ɗauka nasu ne suka iya yin sa. Maganin iri ɗaya ne, hannun da ya miƙa shi ne ya bambanta.

Kada kuma a manta cewa rabin wahalarsa daga cikin gida take. Chirac ya kafa jam'iyyar RPR a watan Disambar 1976, ita ce mafi girma a ɓangaren masu mulki, kuma ta riƙa yi wa gwamnati zagon ƙasa. A ƙarshen 1979 ta ƙi mara wa kasafin kuɗi baya, Barre ya yi ta amfani da sashe na 49 sakin layi na 3 na tsarin mulki, wanda ke ba da damar zartar da doka ba tare da ƙuri'a ba matuƙar majalisa ba ta tsige gwamnati ba, sannan Majalisar Tsarin Mulki ta soke kasafin a watan Disamba saboda kuskuren bin ƙa'ida, aka sake shi daga farko.

Tsohon Malami ya rubuta:

Na karɓi gyaran da aka yi mini a kan tazarar da ke tsakaninsa da Jamus, hujja ce mai ƙarfi, kuma ba ni da abin da zan kare furucinsa na titin Copernic da shi. Abin da zan ƙara ya shafi rayuwarsa bayan 1981, tunda Malama ta tambaya.

Ya koma koyarwa a Sciences Po yana kuma riƙe da kujerar ɗan majalisa mai wakiltar Lyon, wadda ya fara ci a 1978. Dokar Faransa ta hana ma'aikacin gwamnati haɗa aikinsa da zama ɗan majalisa, amma ta keɓe farfesoshin jami'a, bisa dalilin cewa su ba sa karɓar umarni daga minista a kan abin da suke koyarwa. A majalisa yana zama tare da 'yan UDF, jam'iyyar magoya bayan Giscard, ba tare da ya zama ɗan jam'iyyar ba, kuma yakan kira duniyar 'yan siyasa da 'yan jaridar Paris da wata kalma mai ma'anar ƙaramar duniya, don nuna cewa shi ba ya cikinta. A 1986 ya yi adawa da a kafa gwamnatin 'yan mazan jiya ƙarƙashin Shugaba Mitterrand, yana ganin hakan zai raunana tsarin mulkin da de Gaulle ya bari. Chirac ya karɓi kujerar firaminista, ya shiga zaɓen 1988 da gwamnati a hannu da jam'iyya mai rassa a kowace gunduma. Barre, wanda ƙuri'un jin ra'ayi suka daɗe suna nuna shi a gaban Chirac, ba shi da ko ɗaya daga cikin biyun, ya ƙare na uku a zagayen farko da kashi 16.5 cikin ɗari, Chirac na da kusan 20, Mitterrand 34.

Muƙamin zartarwa na farko da ya samu ta hanyar zaɓe shi ne na magajin garin Lyon a 1995, yana da shekara 71. Ya faɗa tun farko cewa wa'adi ɗaya zai yi, ya karɓi baƙuncin taron ƙasashe bakwai masu ƙarfin masana'antu a birnin a watan Yunin 1996, ya sauka a 2001 kamar yadda ya alkawarta, ya bar majalisa a 2002, shekarar da takardun yuro suka maye gurbin faran. Ya rasu a Paris ranar 25 ga Agustan 2007. Idan za ki zurfafa, Malama, ina ba ki shawara ki ɗora alƙaluman albashi da na farashi na 1976 zuwa 1986 kusa da juna shekara bayan shekara, ki ga a wace shekara ce layukan biyu suka rabu.